Kafintan Gini a Guéma: Awo, Katako da Amana

Kafintan gini shi ne mai haɗa akwatin da ake zuba kankare a cikinsa, ya kafa turakun da ke riƙe dekin, ya ɗaura katakon rufi, ya buga kwano da silin. Aikinsa ya bambanta da na mai yin gado da kujera, ko da yake a Guéma, wata unguwa da ke arewacin birnin Parakou a Jamhuriyar Benin, sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da sana'o'in biyu: da rani yana kan gini, da damina yana rumfarsa yana haɗa ƙofa da benci. Faransancin wuraren gini ya ba kowanne sunansa. Mai kayan ɗaki shi ne menuisier, mai rufi charpentier, mai akwatin kankare kuma coffreur. Bahaushe duk kafinta yake kiran su, sai dai in ya ga wanda hannunsa ya faɗa ya ce wannan gwani ne.

Unguwar da garinta

Guéma tana cikin gunduma ta uku ta Parakou, a kan babbar hanyar da ta nufi Kandi da Malanville, inda gada ta ƙetare kogin Kwara zuwa Gaya ta ƙasar Nijar. Akwai kasuwa a unguwar, akwai tashar motocin arewa. Kunne yakan ji Barbanci da Dandanci da Fulatanci da Yarbanci da Hausa da Faransanci a rumfa guda, kuma kafintan da ya daɗe a wurin yakan iya ciniki da uku ko huɗu daga cikinsu.

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan ƙasa ta Bargu. Tun kafin zuwan Turawa fataken goro daga Kano da Katsina da Sakkwato ke ratsa Nikki da Parakou da Djougou a hanyarsu ta zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja. Unguwar Zongo a Parakou da unguwar Wangara a Djougou shaidu ne na wancan zamani, haka ma sunan babbar kasuwar Parakou, Arzèkè, wanda kowane Bahaushe zai ji kalmar arziki a cikinsa. Daga baya layin dogo mai tsawon kilomita 438 ya taso daga Kwatano ya iso Parakou a 1936, ya tsaya nan. Shekaru da dama a garin aka riƙa sauke kayan Nijar daga jirgi a loda su a manyan motoci, abin da ya jawo 'yan kasuwa da direbobi da masu sana'ar hannu.

Yawan jama'a shi ne ya buɗe wa kafinta kasuwa. Ƙidayar 1992 ta sami mutum 103,577 a Parakou, ta 2002 ta sami 149,819, ta 2013 kuma 255,478. An buɗe jami'a a garin a 2001, buƙatar ɗakunan haya ta ƙaru. Gonakin gefen gari sun koma filaye, filaye sun koma gidaje, kuma kowane gida sai ya bi ta hannun mai guduma da zarto. Djougou, hedikwatar jihar Donga, mai nisan kilomita ɗari da talatin da wani abu daga Parakou, ita ma haka take faɗaɗa, har kafintoci kan yi zirga-zirga tsakanin garuruwan biyu suna bin aiki.

Daga azara zuwa kwano

Ginin gargajiya bai buƙaci kafinta irin na yau ba. A ƙasar Hausa magini ne ke jera azarar giginya a kan bango ya lulluɓe ta da ƙasa, in ɗakin na da faɗi ya ɗaure baka. Da wannan dabara Babban Gwani Malam Mika'ila ya gina masallacin Juma'a na Zariya a farkon rabin ƙarni na 19. Aikin itace na masassaƙi ne, mai gatari da gizago, wanda ke fitar da turmi da ƙota da kujerar zama daga gungume ɗaya ba tare da ƙusa ba. A Bargu da Donga ɗakunan ƙasa masu jinkar ciyawa suka fi yawa, a duwatsun Atakora kuwa akwai gidajen ƙasa masu bene na Batammariba, waɗanda hukumar UNESCO ta sa yankinsu na Benin cikin kayan tarihin duniya a 2023.

Siminti da rodi da kwano da ƙusa su suka zo da sabuwar sana'a. Kankare jiƙaƙƙe ba shi da siffa sai wadda akwati ya ba shi, kwano kuma ba ya zama sai a kan ƙashi madaidaici. Daga nan kafinta ya shiga tsakiyar gini, ya zama abokin aikin birkila da mai ɗaurin rodi tun daga tushe har zuwa tsororuwa.

Rumfa da yini

Rumfar kafinta a gefen hanyar Guéma ba ta da wani ado: turaku huɗu ko shida, tsohon kwano a sama, dogon teburin aiki da ya sha sara, akwatin kayan aiki mai kwaɗo, da tarin katako a jingine. Kayan hannu kaɗan ne, kuma ana tattalinsu kamar ido: guduma mai cire ƙusa, zarto, magogin katako, mita, igiya, fensir, ƙarfen duba kusurwa, ma'aunin daidaito mai ƙwayar ruwa, da ɗan tiyo mai haske. Manyan injunan tsaga da gogewa ba kowa ke da su ba. Akwai masu injin da aikinsu ke nan, a kai musu katako a kan kura ko babur mai ƙafa uku, a biya kuɗin kowane falanki.

Yini yana farawa bayan sallar asuba. Yaran koyo ne ke fara isowa su share, su fito da kaya, su miƙe lanƙwasassun ƙusoshin jiya a kan dutse. In ranar rufi ce da sassafe ake hawa, domin kafin azahar kwano ya yi zafin da tafin ƙafa ba ya ɗauka. Maigida, wanda yara ke kira patron ko Baba, ba ya yawan magana a kan aiki. Kalmominsa ƙidayayyu ne: “ɗaga kaɗan”, “sassauta”, “ya zauna, buga”. Da rana a sauko a ci sakwara ko shinkafa da cukun wagashi a wurin mai abinci, a yi sallah, a koma. Ranar Juma'a Musulmi kan tashi da wuri, ranar Lahadi Kiristoci kan huta, ayarin da ya haɗa duka biyun kuma yakan tsara makonsa yadda kowa zai sami ranarsa.

Shekara ma tana da nata tsari. Damina a wannan yanki guda ce, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, kuma ruwan da ke sauka a shekara yakan haura milimita 1,000. Gini ya fi tafiya da rani, lokacin da kuɗin auduga da waken suya da doya suka shigo hannu, daga baya na kashu ya biyo. Mafi yawan masu gida ba sa gini a tashi ɗaya. Bana a zuba tushe, baɗi a kai linta, wata shekarar a yi rufi, gwargwadon abin da kaka ko adashi ya bayar. Saboda haka kafinta yakan koma gida ɗaya sau uku ko huɗu a cikin shekaru, ya tarar da aikinsa na baya yana jiran sa, mai kyau ne ko maras kyau.

Sanin itace

Ilimi na farko shi ne na itace. Gwani yana gane katako da launi da nauyi da ƙamshi, da kuma amon da yake bayarwa in an ƙwanƙwasa shi. Kawo yana da nauyi da tauri, gara ba ta son sa, ya dace da dogaran ƙofa, amma yakan lanƙwasa ƙusa in ba a huda shi tukuna ba. Maɗaci ja ne mai kyan fuska, ana son sa a ƙofofi da kayan ɗaki. Doka da maje sun fi sauƙin kuɗi, ana sa su a rufi, sai dai ƙwari na saurin kama su. Rimi fari ne maras nauyi, bai da ƙarko, amma shi ya dace da falankin akwatin kankare da za a cire bayan kwanaki. Malaina tana da sauƙin aiki. Tek, wanda asalinsa daga Indiya da Bama ne, an shuka shi da yawa a Benin tun zamanin mulkin mallaka, kuma sandunansa su ne turakun da ake gani jere a ƙarƙashin kowane sabon dekin.

A jikin itace ɗaya ma akwai bambanci. Tsakiyarsa mai duhu ita ce mai ƙarko, farin gefen da ke kusa da ɓawo shi ne abincin ƙwari. Inda reshe ya fito akwai gaɓa, kuma nan katako ke karyewa in an ɗora masa nauyi, don haka ba a barin gaɓa ta faɗo a tsakiyar doguwar tazara. A kasuwar katako babban ma'auni shi ne madrier, wani kakkauran katako da ake tsagawa a fitar da falanki da sandunan rufi da ake kira chevron. Kafin a biya, kafinta yakan ɗaga bakin katakon ya sa ido ɗaya ya bi tsawonsa, ya ware mai doro da mai murɗiya.

Danshi shi ne abin da ya fi yaudarar sabon shiga. Ɗanyen katako yana tsukewa idan ya bushe, kuma ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya canjawa. Ƙofar da aka haɗa da ɗanyen itace a watan Agusta takan buɗe baki a hunturun Janairu har a hango tsakar gida, wadda aka matse ta sosai da rani kuma takan kumbura da damina ta ƙi rufuwa. Maganin shi ne a jera katako a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, a ba shi lokaci. Game da gara, da yawa na shafa baƙin man mota saboda araha, amma maganin da aka yi domin itace ya fi shi aiki, kuma ba ya gurɓata ƙasa kamarsa in an bi ƙa'ida.

Awo

Ilimi na biyu shi ne awo, kuma a nan ake gane wanda ya iya da wanda yake kwaikwayo. Kafin a haƙa tushe akan kafa turaku da falanki a kewaye da filin, a ja igiyoyi a kansu su nuna layin kowane bango. Don a tabbatar kusurwa ta miƙe, sai a auna santimita 60 a igiya ɗaya, 80 a ɗayar, in tsakanin alamun biyu ya ba da 100 daidai, kusurwar ta yi. A babban fili akan yi da mita 3 da 4 da 5. Lissafin da ake koyarwa a makaranta da sunan Pythagoras ke nan, amma kafintoci da yawa a hannun maigida suka karɓe shi ba a allo ba. Daga ƙarshe a auna ɗakin daga lungu zuwa lungu ta ɓangarori biyu, in awon ya zo ɗaya, ɗakin bai karkace ba.

Daidaiton tsawo kuwa da ruwa ake samun sa. A cika dogon tiyo mai haske da ruwa, a fitar da iskar ciki, mutum biyu su riƙe bakunansa a bango biyu. Ruwa ba ya ƙarya: inda ya tsaya a nan, nan ya tsaya a can. Da wannan ake zana layi guda a kewayen ginin gaba ɗaya, galibi mita ɗaya daga daɓe, daga shi kuma ake ɗaukar tsawon taga da linta da dekin. Miƙewar ginshiƙi ana duba ta da igiya mai ɗan nauyi a ƙarshe.

Matakala ita ce jarrabawar gwani. Ƙafar mutum tana gane bambancin santimita ɗaya tsakanin taki da taki, musamman a duhu. Akwai ƙa'idar da wani masanin gini Bafaranshe, François Blondel, ya tsara a ƙarni na 17, wadda har yau ake aiki da ita: tsawon taki sau biyu a haɗa da faɗinsa ya faɗo tsakanin santimita 60 da 64. Taki mai tsawon 17 da faɗin 28 ya ba da 62, tsoho da yaro duk za su hau shi ba wahala. Kafinta yakan raba tsawon benen gaba ɗaya kafin ya yanka ko falanki guda, yana lissafi da kaurin tayil da za a shimfiɗa daga baya.

Akwatin kankare

Aikin akwati shi ne wanda ake rushewa da an gama, amma siffarsa ke zama a jikin gida har abada. Kankare yana da nauyin kusan kilo 2,400 a kowace mita mai tsawo da faɗi da zurfi ɗaya. Dekin cikakke mai kaurin santimita 15 yana ɗora kilo 360 a kan kowace murabba'in mita, ban da nauyin rodi da leburori da baro. Shi ya sa a Benin aka fi yin dekin mai bulo masu rami a tsakanin ƙananan gadoji, a zuba siririn kankare a sama, don rage nauyi da siminti. Ko wanne aka zaɓa, turaku ne ke ɗauke da shi har ya kama. Ana kafa su kusa da kusa, a ɗora gindin kowanne a kan falanki don kada ya nutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa, a ɗaure su da juna ta gicciye, a sa 'yan tsinkayen katako a ƙasa waɗanda za a buge a sassauta ranar cirewa. Turke mai haɗi a tsakiya ba abin yarda ba ne.

Ginshiƙi yana da nasa hatsari. Jiƙaƙƙen kankare yana tura bangon akwati kamar yadda ruwa ke tura randa, kuma turin ya fi ƙarfi a ƙasa. In aka cika akwati mai tsawon mita 3 a tashi ɗaya, abin da ke danna gindinsa yakan kai kimanin tan 7 a murabba'in mita. Saboda haka gwani yakan matso da ɗaurin kusa da juna a ƙasa, ya sassauta tazararsu yayin da yake hawa. Yana toshe duk wata kafa, domin in ruwan siminti ya tsiyaye sai a bar tsakuwa tsirara kamar saƙar zuma. Yana tabbatar da an sa 'yan dunƙulen siminti tsakanin rodi da falanki, ta yadda kankare na santimita 2 zuwa 3 zai lulluɓe ƙarfen ya kare shi daga tsatsa. Kafin zubi a jiƙa falankin da ruwa ko a shafa masa mai don kada ya manne.

Ranar zubin dekin rana ce ta gayya da hayaniya, leburori na miƙa kwanoni hannu da hannu. Kafinta ba ya sama a ranar. Yana ƙasa tsakanin turaku da guduma a hannu, yana kallo yana sauraro, domin katako kan yi ƙara kafin ya saki. Bayan zubi sai haƙuri. Gefen ginshiƙi akan buɗe shi bayan kwana ɗaya ko biyu, amma turakun dekin al'adar wuraren gini ita ce a bar su kwana 21, kankare kuma sai ya kwana 28 ake ɗaukar ya kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi. A nan ake yawan samun saɓani, mai gida na son a cire a ci gaba, mai hayar turaku na ƙirga kwanaki. Kafintan ƙwarai yakan tsaya a kan bakansa, domin dekin da aka yaye da wuri yakan yi ciki, kuma ba ya miƙewa.

Rufi

Rufi shi ne aikin da aka fi sanin kafinta da shi. Ƙashinsa jerin alwatika ne: katako ɗaya a kwance daga bango zuwa bango, biyu sun tashi sun haɗu a tsororuwa, ɗaya a tsaye a tsakiya, da 'yan tokara a gefe. Dalilin siffar shi ne alwatika ba ta lanƙwasuwa sai an karya ɗaya daga gefunanta. Akan haɗa ta farko a ƙasa, a mai da ita samfur, a fitar da sauran a kanta. In an ɗaga su, a ja igiya daga ta farko zuwa ta ƙarshe don tsororuwa ta miƙe, sannan a gicciya sandunan da kwano zai kwanta a kai.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, babban abokin gabar rufin kwano ba nauyi ba ne, iska ce. Hadarin farkon damina yakan taso daga gabas da guguwa mai ƙarfi, ta bi saman rufi ta tsotse shi sama, ta shiga ta ƙarƙashin baki ta ɗaga. Kusan kowace shekara ana jin labarin azuzuwa da gidajen da iska ta yaye a arewacin Benin. Rufin da ke tsira shi ne wanda aka ɗaure da jikin gini: tun lokacin zuba ɗamarar kankare ta saman bango ake binne siraran rodi, daga baya a naɗe su a kan katako. Ana ƙara yawan ƙusa a gefuna da kusurwoyi, ba a barin bakin kwano ya zarce da yawa ba tare da tallafi ba.

Bugun kwano ma yana da ƙa'ida. Ana farawa daga ƙasa a hau sama, daga ɓangaren da iska ke nufa a dawo ɓangaren da take fitowa, don bakin kowane haɗi ya juya wa ruwa baya. Ƙusa a kan tudun kwano ake buga ta, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Gangaren da ya kwanta da yawa yakan sa ruwa ya koma ta haɗi, wanda ya miƙe da yawa kuma yana cin katako da kwano yana tarar iska. Inda rufi biyu suka haɗu suka yi kwari, nan yoyo ya fi farawa, kuma nan masu sana'a ke duba aikin junansu.

Hatsarin aikin a bayyane yake: faɗowa, tsinin ƙusa, kaifin kwano, da wayar lantarki da ke ratsa saman gidaje. Mai hankali yana taka inda ƙusa take, domin nan katako yake a ƙasa, yana saukowa da ya ga hadari, yana kuma kula da allurar tetanus ta kansa da ta yaransa.

Koyo da yaye

Sana'ar a hannu ake karɓar ta. Uba ko kawu ne ke kai yaro wurin maigida, a yi yarjejeniya a gaban shaidu, koyo ya ɗauki shekara uku ko huɗu, wani lokaci fiye. Shekarar farko ta aike ce da riƙe bakin katako da wasa zarto. Daga nan a ba shi yanka, sai bugu, sai haɗi. Awo da lissafin kaya su ne na ƙarshe, kuma ranar da maigida ya miƙa wa yaro mita da fensir ya koma gefe, kowa ya san an kusa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka tare da sana'a ake koyar da sammako da riƙon kayan mutane da iya magana da mai gida.

A da ana kammalawa da bikin yaye da ake kira libération, wanda yawan kuɗinsa kan tsare ɗan talaka a gidan maigida shekaru bayan ya iya aiki. Tun daga 2005 gwamnatin Benin ta kafa tsarin takardun shaida na ƙasa ga masu koyon sana'a. Akwai CQP, wadda ke haɗa aikin rumfa da darasi a cibiyar horo, akwai CQM, wadda ake samu ta jarrabawa bayan koyo a hannun maigida. Takarda tana buɗe ƙofar manyan kamfanoni, tana kuma koya wa yaro karanta zanen gini, abin da tsofaffi da dama suka rasa. Duk da haka, a unguwa tambayar farko da ake yi wa sabon kafinta ita ce a hannun wa ya koya.

Jinga da amana

Yawancin aiki jinga ne. Kafinta ya auna, ya rubuta adadin katako da kwano da kilo nawa na ƙusa, ya faɗi kuɗin hannunsa dabam, a ba shi kafin alƙalami, a cika saura in an gama. Cinikin da Hausa ko Dandanci da dala ake yin sa, dala ɗaya sefa 5, jika kuma sefa 1,000. Gwaninta tana bayyana tun a lissafi: in kaya sun gaza aiki ya tsaya, in sun yi rara da yawa zargi ya shigo.

Kusan duk abin da ke sa aikin kafinta ya yi ƙarko ɓoye yake. Silin ya rufe katakon rufi, filasta ta rufe ginshiƙi, mai gida ba ya hawa ya ƙirga ƙusa. Wanda ya so zai iya faɗaɗa tazara ya rage katako, ya sa farin gefe a maimakon tsakiya, ya bar rodin ɗauri a kwance, ba wanda zai sani sai bayan damina biyu ko uku. Shi ya sa ba allon talla ke kawo wa kafinta aiki a Guéma ba. Gidajen da ya rufa shekara goma da suka wuce su ne ke yi masa magana a masallaci da coci da majalisa. Masu gida ma suna da nasu rabo, domin wanda ya matse kuɗin hannu ya nemi mafi arahar katako, shi ya zaɓi abin da zai samu. Araha ba ta ado.

Daji da gobe

Sana'ar tana rayuwa ne a kan daji, dajin kuwa yana raguwa. Katakon Parakou da Djougou ya daɗe yana fitowa daga dazuzzukan tsakiyar ƙasar, inda gandayen gwamnati irin su Wari-Maro da Monts Kouffé da Ouémé Supérieur suke. Noma da gawayi da sarar katako sun ci su sosai, duk da dokar gandun daji ta 1993. Madobiya, wadda ake kira kosso a Benin, an kwashe ta da yawa zuwa Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa daga 2017. A taron Panama na 2022 aka ƙara da dangin kawo da maɗaci na Afirka. A kasuwa abin da kafinta ke gani shi ne katako na ƙara tsada, yana kuma ƙara sirancewa da ɗanyantaka.

Sana'ar tana sauyawa daidai da haka. Ƙofa da taga sun koma hannun masu walda da masu alminiyam. A manyan gine-gine turakun ƙarfe da faifan katakon masana'anta sun fara maye gurbin sandar tek da falankin rimi, wasu rufin ma da ƙarfe ake ɗaura su. Kafintan da ya daɗe a aiki yana amfani da falanki ɗaya sau uku ko huɗu, yana yanka da lissafi don kada guntu ya yi yawa, yana ba mai gida shawarar tek da malaina na shuka a inda za su wadatar. Kayan aiki na iya canjawa, amma kusurwa da daidaito da lissafin nauyi suna nan yadda suke. Wanda zai yi gini a Guéma ko Djougou ya je ya ga tsohon aikin kafinta kafin ya ba shi sabo, ya sayi busasshen katako, ya biya kuɗin hannu yadda ya dace, ya kuma bar turaku su cika kwanakinsu.